Ƙwallon Dabino Na Biyar

Wata rana, Asabar ce bayan La'asar, wani mai kemis a Tudun Wadan Zariya ya rufe shagonsa da wuri, ya zuba ƙwallon dabino a aljihun gaban rigarsa, ya hau babur ya nufi gidan amininsa.

Mu kira shi Zayyanu.

Ƙwallayen nan ba na shuka ba ne, na wasa ne. Ku ɗan yi haƙuri in gaya muku irin wasan, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane abin da yake cin mutumin nan a rai har yau ba.

Shekara huɗu kafin wannan rana, amininsa Nafi'u ya yi hatsari a hanyar Kano.

Nafi'u malamin wasanni ne a wata sakandare, irin mutumin da zai yi tsere da ɗalibansa ya bar su a baya suna haki. Aka yanke masa ƙafar dama daga gwiwa. Ga kuma ciwon suga da ya daɗe yana fama da shi.

Da aka sallamo shi daga asibiti, sai ya shiga zauren gidansa ya zauna.

Ba ya hira. In an gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Matarsa Shafa'atu ta kawo abinci, ta dawo ta ɗauke shi yadda ta ajiye.

Malam Tanimu, malamin tarihi a makarantarsu, shi ya zo da dabara.

Ya ga wani wasa a waya, wanda mutane suke kewaye tebur suna yi. Mutum ɗaya ne mai ba da labari. Sauran kuwa kowa ya ƙirƙiri mutuminsa a takarda, ya ba shi suna da hali, ya shiga da shi cikin labarin. In mutuminka zai yi abu mai wuya, tsallake rami ko karawa da maƙiyi, sai ka jefa ɗan ludo. Abin da ya fito shi zai nuna ko ka yi nasara ko ka sha ƙasa.

Ba caca ba ce, ko sisi ba a sakawa. Baki ne kawai da takarda.

Su ba su da tebur, tabarma suka shimfiɗa.

Malam Tanimu ya ba kowa wake ashirin, ya ce wannan shi ne ran mutuminka. Kowa ya kife nasa da gwangwanin madara. In an ji maka rauni a labari, Malam Tanimu zai raɗa maka a kunne ko wake nawa ka rasa, kai kuma ka zura hannu ka zare su ba tare da kowa ya gani ba.

Ranar da wakenka ya ƙare, mutuminka ya mutu. Da hannunka za ka yaga takardarsa.

Nafi'u ya daɗe yana kallon farar takardar da aka ba shi. Can ya ce, "A cikin labarin, yana iya gudu?"

Malam Tanimu ya ce, "Iya yadda kake so."

Sai ya rubuta Barewa a saman takardar, jarumin da babu mai kamo shi a ƙafa.

Ranar da Barewa ya tsere wa 'yan fashi bakwai, ya haye katanga ya bar su suna zare ido, Nafi'u ya yi dariya har yana dukan tabarma. Shafa'atu tana tsakar gida ta jiyo. Ta ajiye muciya ta zauna ta yi kuka, don rabonta da jin dariyar nan wata biyar.

Sagir tela, na huɗunsu, ya ɗauki Kurege, sarkin leƙen asiri da buɗe ƙofar da aka kulle.

Saura mai warkarwa.

Kowane ayari a wasan nan sai da mai warkarwa, kuma babu mai son zama shi. Kowa yana so ya yi sara a yaba masa. Wa zai so ya tsaya a baya yana ɗaure wa mutane rauni?

Sagir ya ce, "Zayyanu, ai kai ne mai kemis. Wannan naka ne ko ka ƙi ko ka so."

Nan fa aka yi zaman gaske. A yadda Malam Tanimu ya ga wasan, shi mai warkarwar wasu abubuwan bauta yake yi wa hidima, har ma yana tada matattu. Su huɗun suka haɗa baki suka ce a'a, mu ba ma wasa da wannan.

Suka mai da shi malami mai magani, mai sanda da gorar ruwa, wanda ya yi alkawarin ba zai zub da jinin kowa ba. Tada matacce kuwa suka soke shi gaba ɗaya. Wanda ya mutu ya mutu, ko a takarda ne.

Aka sa masa suna Malam Mai Gora.

Maganinsa ƙidayayye ne. Ƙwallon dabino biyar ake ba shi. Duk ƙwallon da ya jefa a kwano, zai mayar wa wanda ya ji rauni wake. In biyar ɗin suka ƙare, ba ya samun wasu sai ayari ya isa gari ya kwana.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne aka yi kuskuren.

Kowane mutum ana ba shi maki talatin, mai shi ya raba su gida biyar: ƙarfi, sauri, ilimi, lura da iya magana.

Nafi'u a zaune ya raba nasa, kusan rabi ya zuba a sauri. Sagir ma ko minti goma bai yi ba.

Zayyanu kuwa gida ya tafi da takardarsa.

Mutum ne mai tsari, irin wanda yake jera kwalaben shagonsa bisa tsawo. Mako guda ya yi yana rubutu yana sokewa a littafin makaranta. Ya gano cewa yawan ilimin malami, yawan waken da ƙwallo ɗaya yake mayarwa. Sai ya kwashe maki daga lura ya jibga a ilimi.

Ilimi goma sha biyu. Lura biyu.

Malam Tanimu ya duba takardar, ya gyara tabarau.

Ya ce, "Zayyanu, ka karanta dokar kuwa? Malamin da lurarsa ta kai shida yana da izinin ɗaga gwangwanin kowa ya duba da idonsa. Wanda bai kai ba, sai dai ya tambaya."

Zayyanu ya ce, "To ai suna da baki. Wanda ya ji jiki ya faɗa."

Aka yi dariya, aka wuce wurin.

Maganar gaskiya, ya iya wasan. Shekara huɗu ana zama duk Asabar, kuma ko mutum ɗaya bai taɓa mutuwa a hannun Malam Mai Gora ba. Ya san lokacin da zai tsaya a baya, ya san lokacin da zai shiga tsakani da sandarsa ya yi sulhu da baki. Wanda aka tura wa aikin dole ya zama shi ne ƙashin bayan ayarin.

Yana da doka ɗaya da ya kafa wa kansa. Ƙwallo na biyar ba a taɓa shi sai a babban faɗa na ƙarshe.

Ko Kurege zai yi birgima a tabarma yana roƙo, ba zai fito da shi ba. Har Sagir ya canza masa suna zuwa Malam Mai Rowa. Shi kuwa daɗi yake ji, don sau uku wannan ƙwallon yana ceton ayarin a lokacin da kowa ya fid da rai.

A hankali wani abu ya sauya, kuma babu wanda ya lura.

Wasan da aka fara don Nafi'u ya yi dariya ya koma wasan da Zayyanu yake so ya ci. Yana shigowa zaure idonsa na kan taswirar da Malam Tanimu ya zana a kwali. Maganin sugar Nafi'u da yake kawowa duk wata, miƙawa yake yi a leda yana maganar dabarar da ya kwana da ita.

To mu koma ranar Asabar ɗin nan.

Zafi ake yi na fitar hankali, irin na gab da damina. Zayyanu ya yi sallama ya shiga, ƙamshin turare ya dake shi tun daga bakin ƙofa.

Nafi'u yana jingine da bango, ya rufe jikinsa da zane tun daga ƙugu har ƙasa.

Sagir ya ce, "Ango, wannan turare haka? Ko akwai labarin da ba a ba mu ba?"

Nafi'u ya yi murmushi ya ce, "Kai dai zauna, tela."

Zayyanu ya ga zanen. Ya ga gumin da yake tsattsafo wa amininsa a goshi. Ya ga ko gyaɗa ɗaya bai ɗauka ba, sai ruwa yake ta sha. Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana kallon fuskokin marasa lafiya, duk ya ga wannan.

Amma hankalinsa yana wani wuri.

Wata takwas suna bin sawun wani dodo da ya mamaye wani kufai, kuma ranar ce za su isa ƙofarsa. Gada ɗaya ce ta rage a tsakaninsu, maharba sun tsare ta.

Tun a hanya ƙwallo huɗu suka tafi. Biyu a kan Kurege, ɗaya a kan Barewa, ɗaya a kan shi kansa Malam Mai Gora.

Saura na biyar.

Da aka iso gada, Barewa ya yi abin da ya saba. Ya fita a guje shi kaɗai don maharban su juyo kansa, sauran su samu su tsallake.

Malam Tanimu ya jefa ɗan ludo, ya sunkuya ya yi wa Nafi'u raɗa. Nafi'u ya zura hannu ƙarƙashin gwangwani.

Ya sake jefawa, ya sake raɗa.

Ya jefa na uku, ya sake raɗa.

Zayyanu ya zaro ƙwallon daga aljihu yana juya shi a tafin hannu. Zuciyarsa ta ce ba shi. Lissafinsa ya ce dodo yana gaba.

Ya ce, "Barewa, yaya jiki?"

Nafi'u ya ce, "Da sauƙi, Malam."

Zayyanu ya mayar da ƙwallon aljihu.

Malam Tanimu ya riƙe ɗan ludo bai jefa ba. Ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Ka tabbata?"

"Ai ka ji da kunnenka. Jefa mu wuce."

Ya jefa.

Wannan karon bai yi raɗa ba. Ya cire tabaran ya ajiye a cinya, ya ce kibiya ta sami Barewa a tsakiyar gada, wake biyu.

Nafi'u ya ɗaga gwangwaninsa a hankali.

Wake ɗaya ne a ƙasa.

Ya ɗauke shi ya sa a kwano. Ana jin Shafa'atu tana kwashe kwanuka a cikin gida.

Zayyanu ya ji kunya ta rufe shi, kunyar kuma ta juye ta zama faɗa.

Ya ce, "Haba Nafi'u. Na tambaye ka, ka ce da sauƙi."

Nafi'u ya dube shi, babu fushi a fuskarsa ko kaɗan.

"Zayyanu, shekara nawa kana sayar da magani? Ka taɓa jin majinyacin da ya ce babu sauƙi?"



Malam Tanimu ya ce a bar wannan jifar, a ɗauka ba a yi ba. Sagir ya ce wallahi ɗan ludon ma a karkace ya faɗi, shi ya gani.

Nafi'u ya girgiza kai. Ya ce, "Mu da bakinmu muka ce babu tada matacce. Kada ku fara yi mini irin tausayin nan a cikin wasa ma."

Ya ɗauki takardar Barewa. Ta tsufa, ta sha ninki, har an manna mata salatif a tsakiya. Kowa ya kau da kai don kada ya ga an yaga ta.

Sai ya ninke ta ya tura ƙarƙashin zanen.

Ya ce, "Zan yaga daga baya. Asabar mai zuwa ku huta, na ɗan gaji."

Suka ce to. Su ukun duka suka ce to.

Zayyanu ya hau babur ya koma gida da ƙwallon a aljihu. Ransa a jagule yake. Ya san me Barewa yake nufi ga amininsa. Awa biyu a mako, a nan kaɗai Nafi'u yake da ƙafa biyu, shi kuma ya bari an harbe su a kan gada saboda yana ajiyar ƙwallon dabino.

Kun san me ya yi?

Ya ɗauko littafin makarantar nan ya buɗe sabon shafi.

Ya ce zai gina wa Nafi'u sabon mutum wanda ya fi Barewa, mai saurin Barewa amma mai jure sara. Ba zai koma gidan nan hannu rabbana ba. Sai ya gama, ya tafi da takardar, ya ba da haƙuri, komai ya wuce a zama ɗaya.

Ranar Talata ya kira shi a waya.

"Yaya jiki?"

"Da sauƙi."

Wallahi ya ji kalmar ta soke shi. Ya so ya ce ga ni nan zuwa. Sai wata mata ta shigo shago da takardar likita, ya ce to Allah Ya ƙara sauƙi, ya kashe wayar.

Asabar ta zo ta wuce. Ai ya ce a huta.

Malam Tanimu ya tafi Kaduna wani taron malamai. Sagir ɗinki ya yi masa yawa. Kowannensu ya ɗauka Zayyanu yana leƙawa, tunda shi ne mai kemis.

Sau biyu Zayyanu yana zuwa daidai kwanar layin gidan, ya rage gudu, ya tuna takardar ba ta kammala ba, ya ƙara wuta. Maki uku ne suka tsaya masa, ya rasa ko ya sa su a ƙarfi ko a sauri.

Maki uku, jama'a.

Asabar ta biyu ta zo, ita ma ta wuce.

Ranar Laraba ya gama. Ya kwafe ta a takarda mai kauri da biro mai kyau, har ya kai aka lulluɓe ta da leda don kada ta tsufa kamar ta Barewa. Ya ce jibi bayan Juma'a zai kai.

Alhamis da safe, yana share gaban shago, wayarsa ta yi ƙara. Lambar Nafi'u ce, amma muryar Shafa'atu.

Ta ce, "Malam Zayyanu, Baban Walida ba ya gane mutane. Muna asibiti."

Ko shagon bai kulle ba.

Ya tarar da Nafi'u a kan gado, ido a rufe, numfashi sama-sama, jiki kamar garwashi. Har a nan zanen yana rufe da ƙafarsa. Likita ya zo ya ɗaga.

Ba zan kwatanta muku abin da yake ƙasa ba. Zayyanu dai ya gane dalilin turaren nan a take.

Ƙusa ce ta soke shi a tafin ƙafar hagu, mako shida da suka wuce. Ɗan ciwo ne da bai kai ƙwayar wake ba. Amma mai suga ba ya da ƙaramin ciwo a ƙafa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan kantar kemis ya san wannan.

Nafi'u ma ya sani. Shi ya sa ya ɓoye. An riga an yanke masa ɗaya, yana tsoron a ce za a yanke ɗayar.

Likita ya cire safar hannu ya ce, "Ya shiga jini. Da mako biyu ko uku da suka wuce aka kawo shi, da wataƙila yatsa kawai za mu cire. Babu wanda yake duba shi ne?"

Shafa'atu ta sunkuyar da kai.

Zayyanu yana tsaye, sabuwar takarda a aljihun wando, ƙwallon dabino a aljihun riga. Mako uku da suka wuce yana zaune a tabarma ɗaya da ƙafar nan, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba.

Kwana uku ya yi a gefen gadon. Ya kira sunansa. Ya ba shi haƙuri. Har takardar ya fito da ita ya karanta masa, kamar wanda ya zare.

Nafi'u bai buɗe ido ba.

Lahadi da hantsi Allah Ya karɓi abinSa.

Na sani, ajali ne. Kowa ya gaya wa Zayyanu haka, shi ma ya yi imani da haka. Amma imani da ƙaddara bai hana mutum sanin abin da hannunsa ya ƙi yi ba.

Bayan addu'ar uku, da mutane suka ragu, Shafa'atu ta aiko a kira shi zaure. Tana takaba, don haka daga bayan labule ta yi magana. Ta turo wata leda.

Gwangwani uku ne a ciki, da kwano, da ɗan ludo, da takardar Barewa.

Bai yaga ta ba.

Zayyanu ya ce, "Maman Walida, me ya sa ba ki kira ni ba?"

Ta ce, "Ya haɗa ni da Allah kada in gaya wa kowa. Ni nake wanke masa da ruwan ɗumi da gishiri. Na yi wauta, na sani, kuma da ita zan mutu. Amma kullum ina cewa a raina, Asabar tana zuwa, mai kemis zai zo, zai gani da kansa, kuma ni ban karya alkawari ba."

"Ai shi ya ce mu huta."



Ta ce, "Haka ya ce. Amma Asabar ɗin nan biyu, ana idar da La'asar yake sa ni in shimfiɗa tabarma, in jera gwangwanayen, in soya gyaɗa. Ya zauna yana kallon ƙofa. In babur ya wuce sai ya gyara zama. Da an kira Magariba ya ce in kwashe."

Zayyanu ya dafa bango.

Ta ce, "Ranar ta biyun na ce masa bari in kira ku mana. Ya ce a'a, ki bar su. Zayyanu yana da ilimi, zai gane."

Ya fito daga zauren nan bai san inda ya ajiye babur ɗinsa ba. A ƙafa ya koma gida, rungume da leda, yana kuka a titi da rana tsaka, mutane suna kauce masa.

Ba a sake yin wasan ba.

Malam Tanimu ya naɗe taswirar kwalin ya ɗora a saman kabad. Dodon yana nan a kufansa, babu wanda ya isa ƙofarsa. Su ukun in sun haɗu a masallaci sukan gaisa, amma babu mai iya haɗa ido da wani.

Wata rana Zayyanu ya ɗauko takardar Malam Mai Gora. Ya soke goma sha biyu na ilimi, ya soke biyu na lura, ya rubuta takwas da shida. Lissafin ya fita daidai, maki talatin cif. Abin da zai iya yi cikin minti ɗaya ne tun shekara huɗu da suka wuce.

Ya zauna yana kallon takardar. Babu gwangwanin da zai ɗaga.

Ni a shagonsa na ji labarin nan.

Na je sayen maganin mura, sai wani dattijo ya shigo yana ɗingishi. Zayyanu ya ce, "Baba, yaya ƙafar?" Dattijon ya ce da sauƙi.

Sai na ga ya zagayo daga bayan kanta, ya jawo benci, ya durƙusa a ƙasa ya ce, "Baba, yi haƙuri ka cire takalmin in gani."

Da ya sunkuya, wani abu ya faɗo daga aljihun rigarsa ya gangaro wajen ƙafata. Na ɗauka zan jefar, don ƙwallon dabino ne, ya yi baƙi ya yi santsi saboda shafa.

Ya miƙo hannu da sauri ya ce, "Don Allah ba ni."

Na ce, "Ajiyar me kake yi da wannan?"

Ya ce, "Na wani ne. Ban ba shi ba."

Darasi:

Mu mutane ne da aka rene mu a kan "lafiya lau" da "da sauƙi". Tarbiyya ce, kuma tana da kyau. Amma wanda ya ce maka da sauƙi gaisuwarka ya amsa, bai ba ka labarin jikinsa ba.

Wanda ya fi kowa jin jiki sau da yawa shi ne zai ce ku huta, kada ku wahalar da kanku. Kada ka yarda da shi. Tashi ka je, ka zauna, ka duba da idonka.

Kada kuma ka jira sai ka shirya abin da za ka riƙa, ko kalmar da ta dace, ko ranar da ta fi dacewa. Abin alherin da yake aljihunka, in mai buƙatarsa yana gabanka, yau ce babbar ranar.

Akwai wanda ya faɗo maka a rai kana cikin karanta wannan. Ka san shi. Kafin ka danna komai, ka je ka gan shi.

In ka dawo, ka tura wa wasu labarin nan. Wataƙila a wani zaure an shimfiɗa tabarma ana kallon ƙofa.